Gyaran Tsohon Hoton Ribadu a Wani Shago da ke Zoo Road

A zauren marigayi mahaifinmu akwai hoton Alhaji Muhammadu Ribadu, Ministan Tsaron Nijeriya a Jamhuriya ta Farko, wanda ya daɗe a rataye, har laima ta ci gefensa na hagu, gilashin kuma ya tsage. Mahaifin namu ɗan jam'iyyar NPC ne, wato jam'iyyar su Ribadu, na gani-kashe-ni, a unguwar da kusan kowa ɗan jam'iyyar adawa ta NEPU ne mai taken Sawaba, saboda haka hoton yana da daraja a gidan. Wannan ne ya sa na kai shi wani shago da ke kan titin Zoo Road a Kano, inda ake gyara tsofaffin hotuna da kwamfuta, a ƙara musu girma, a sa su a firam.

Game da aikin gyaran, ba ni da ta cewa sai yabo. Matashin da ya karɓi hoton ya cike inda laima ta cinye ba tare da ya sauya kamannin fuskar ba, ya fito da naɗin rawanin da aikin wuyan babbar rigar, kuma da na ce kada a sa masa launi, bai yi musu ba, duk da cewa ya nuna mini wasu da ya rina. Ya yi alkawarin kwana 5, ya kammala a na 6. Katakon firam ɗin mai nauyi ne, kuɗin kuma bai yi tsanani ba.

Matsalar ta fito ne daga rubutun da suke sakawa a ƙarƙashin hoto, wanda suke kwasowa daga intanet babu bincike. Da na je karɓa, sai na tarar an rubuta cewa Ribadu yana cikin waɗanda aka kashe a juyin mulkin Janairun 1966. Wannan kuskure ne babba, domin ya rasu ranar 1 ga Mayu, 1965, yana kan kujerar Ministan Tsaro, kuma wanda ya gaje shi ɗan Kano ne, wato Alhaji Inuwa Wada, wanda kafin nan yake riƙe da ma'aikatar ayyuka. Abin mamaki ne a ce shago a tsakiyar Kano ya rikita wannan.

Sauran bayanin ma ya yi ƙaranci ga mutumin da ya taso daga ƙauyen Balala a ƙasar Adamawa, ɗan gidan sarauta, ya yi karatu a Midil ta Yola, ya koyar a can, sannan ya zama ma'ajin En'e kafin ya shiga siyasa. Ya zama minista a Ikko tun 1952, ya riƙe ma'aikatar filaye da ma'adinai da lantarki, daga baya ta harkokin birnin Ikko, kana ya karɓi tsaro a 1960. A zamaninsa aka ware wa Arewa rabin guraben horar da hafsoshin soja, aka kuma buɗe makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA a Kaduna a 1964. Ko mutum bai yarda da ra'ayin riƙau irin na NPC da jingina da sarakuna ba, waɗannan su ne abubuwan da ya kamata jikokinmu su karanta idan sun ɗaga kai a zaure.

Da na nuna wa mai shagon, bai yi gardama ba. Cewa ya yi, "Ranka ya daɗe, a rubuto mana yadda ya dace, mu sake bugawa." Na zauna a kan bencinsu na rubuta layi huɗu da hannuna, suka sake buga takardar, suka kwance firam ɗin suka mayar, ba su karɓi ko sisi a kai ba. Sai dai a bangon shagon na hango wasu hotunan shugabannin Jamhuriya ta Farko da ke jiran masu su, kowanne da nasa rubutun a ƙasa, kuma ban samu lokacin karanta su ba. Duk wanda zai kai musu irin wannan aiki, ya tafi da bayaninsa a rubuce, ya kuma duba shi a fuskar kwamfuta kafin a buga.