Wasiƙa daga Johor: gada ɗaya, farashi biyu

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Hajiya da iyali baki ɗaya, ya kuma kasuwa da haƙurin zamani. Saƙonka ya iso ni, har da tambayar da ka maimaita sau biyu: wai tsakanin Malesiya da Singafo wacce ta fi araha, kuma in mutum zai yi sayayya wacce zai dosa. Na so in amsa maka ta murya, sai na ga zancen ya fi ƙarfin minti biyu, domin farashin kaza da na fetur a nan duk suna ɗaure da irin zaman da ƙasashen biyu suke yi da juna.

Ina zaune a Skudai, gefen birnin Johor Bahru, can ƙarshen kudancin Malesiya. Tsakaninmu da Singafo wani ɗan siririn teku ne, an cike shi da duwatsu an shimfiɗa hanya a kai tun 1924, tsawonta kilomita ɗaya da 'yan kai. Ranar da na fara zuwa bakin hanyar nan bayan sallar asuba, tsayawa na yi kawai ina kallo. Babura ne dubbai, fitila na bin fitila, kowa da hular kwano da rigar ruwa, an matse sai ka ce fitowar Idi, ga hayaƙi ga ƙara. Masu tafiya aiki Singafo ke nan: masu gadi, masu gyaran lantarki, ma'aikatan jinya, direbobin bas, 'yan masana'anta. Sama da mutum 300,000 ke ƙetare iyakar nan a kullum. Wani tun ƙarfe huɗu yake barin gida, ba ya dawowa sai bayan isha'i, 'ya'yansa sai ranar hutu suke ganinsa ido biyu.

Abin da ke fitar da su da duku-dukun nan canjin kuɗi ne. Dalar Singafo ɗaya tana ba ka ringit uku da ɗoriya, wato kuɗin Malesiya. Dattawan nan suna tuna lokacin da kuɗin biyu suke ɗaya da ɗaya, har zuwa 1973 kana iya kashe na wannan ƙasa a waccan ba tare da ka je wurin ɗan canji ba. Yau wanda yake shara a can yana iya fin ma'aikacin ofis na nan albashi in aka juya kuɗin. Maƙwabcina bakanike ne, ya ce yara uku ya koya wa aiki, da hannunsu ya faɗa sai su sayi babur su bi gada. Bai zarge su ba, ya ce shi ma da da sauran ƙuruciya da ya bi su.

Ranar Asabar kuma sai ruwan ya juya. 'Yan Singafo ne ke kwararowa da jakunkuna masu taya, su cika manyan kantuna, su sayi madarar yara, sabulu, magani, su je wurin likitan haƙori, su yi aski, a wanke musu mota, su ci abinci su ƙoshi, su koma da dare. Farantin shinkafa da kaza da nake saya ringit bakwai ko takwas a nan, a can dala huɗu ne ko biyar, wato ninki biyu. A wurinsu Johor araha ce kamar kyauta. Sai dai arahar tasu ita ce tsadar mai karɓar albashi da ringit: hayar gida kusa da iyaka ta tashi, mai abinci ya ga masu dala ya ƙara kuɗi, kuma talakan gari shi ke ɗaukar nauyin. Wannan yana ci mini rai, domin na ga matar da ke sayar mana da kayan miya ta bar unguwar da aka haife ta saboda haya.

Kai da ka san harkar mai a Jibiya, zancen fetur zai ba ka sha'awa. Gwamnatin Malesiya tana biyan tallafi a kan fetur ɗin da ake kira RON95. Shekaru ana sayar da lita ringit 2.05, daga ƙarshen Satumban 2025 kuma ɗan ƙasa mai katin shaida yana saye a 1.99, mu baƙi muna biyan sama da ringit biyu da rabi. A Singafo a lokacin lita ta kusa dala uku, ka ga ya haura ninki uku. To sai kowace ƙasa ta kafa dokarta. Malesiya ta ce mota mai lambar waje ba za ta sha mai tallafi ba: bakin famfo mai ruwan ɗorawa na 'yan gida ne, baƙuwar mota sai kore, mai tsada. Singafo kuma, don kada harajinta ya zube a gidajen man Johor, ta ce motarta ba za ta fita ba sai tankinta ya kai kashi uku cikin huɗu, jami'i zai leƙa ya duba allurar mai, wanda ya gaza a ci shi tara har dala 500 a kuma juya shi. Duk da haka na taɓa ganin wani ya tsaya yana jijjiga motarsa a gidan mai don ɗan ƙarin lita ya samu wurin shiga.

Ka san ƙasa ɗaya ce a da. A 1963 Singafo ta shiga tarayyar Malesiya, zaman bai yi daɗi ba. Shugabannin Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya, suna son a ba Malayawa fifiko a matsayin 'yan asalin ƙasa, Lee Kuan Yew, jagoran tsibirin da galibin mutanensa 'yan asalin Sin ne, yana cewa kowa daidai. Aka yi rikicin ƙabilanci a 1964, aka rasa rayuka. Ranar 9 ga Agusta 1965 Firaministan Malesiya Tunku Abdul Rahman ya raba gari, Lee ya yi kuka a gaban talabijin. Ya tashi da tsibirin da bai kai murabba'in kilomita 600 ba a lokacin, ba gona, ba ma'adini, ko ruwan sha bai ishe su ba.

Ruwan nan shi ne cibiyar komai, Yaya. In ka ƙetara gadar, ka dubi gefe, za ka ga wasu manyan bututu suna bin hanyar daga wannan gaɓa zuwa waccan. Bisa yarjejeniyar 1962, Singafo tana da damar ɗibar ruwa har galan miliyan 250 a kullum daga kogin Johor, tana biyan sen 3 a kan kowane galan 1,000. Sen kamar kwabo yake a wurinmu, ɗari ke yin ringit ɗaya. Ita kuma tana tace wani kaso ta mayar wa Johor a kan sen 50. Yarjejeniyar ba za ta ƙare ba sai 2061, kuma an cusa ta cikin takardar rabuwar 1965, aka kai wa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ajiye. Mahathir Mohamad, da ya dawo mulkin Malesiya a 2018, ya fito fili ya ce farashin nan hankali ba zai ɗauka ba, ƙasa mai arziki tana sayen ruwa a hannun wadda ba ta kai ta ba a kuɗin da ko alewa ba zai saya ba. Singafo ta amsa cewa an ba Malesiya damar sake duba farashin bayan shekara 25, wato 1987, ba ta yi ba, kuma ita ce ta kashe kuɗinta ta gina madatsar Linggiu a cikin Johor, kuma tace ruwan yana cin ta fiye da abin da Johor ke biya nesa ba kusa ba. Na saurari kowane ɓangare a shagon shayi, kuma a ganina sen 3 ya yi kaɗan ƙwarai, ko da takarda tana bayan Singafo. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, shekara sittin ana wannan cacar baki, ba a taɓa wayar gari an murɗe famfon don a hukunta mutanen tsibirin ba.

Su ma ba su kwanta ba. Tun 2003 suke tace ruwan da aka riga aka yi amfani da shi a gidaje su mayar da shi garau, suna kiransa NEWater, daga 2005 kuma suka fara cire gishiri daga ruwan teku. A can kai tsaye nake shan ruwan famfo. A gidana na Johor, inda kogin yake, sai na sa abin tace ruwa, kuma an taɓa ɗauke mana ruwa kwana biyu saboda wani abu ya gurɓata kogi. Mai kogi yana tafasa ruwa, mai saye yana sha daga famfo, wannan ya daɗe yana ba ni tunani.

Kaza ma ta taɓa zama maganar gwamnati da gwamnati. A ranar 1 ga Yunin 2022 Malesiya ta hana fitar da kaji saboda sun yi ƙaranci a gida. Kusan kashi ɗaya cikin uku na kajin da Singafo ke ci daga nan suke zuwa, da ransu, a manyan motoci, a yanka su a can. Masu sayar da shinkafa da kaza, abincin da suke tinƙaho da shi, suka shiga wani hali, wasu suka koma kajin ƙanƙara na Brazil, wasu suka rufe na ɗan lokaci. Cikin makonni gwamnatinsu ta buɗe ƙofar sayowa daga Indonesiya. Da aka ɗage hanin a Oktoba, masu kiwon Johor sun tarar da wani a kujerar da suka bari. Kai ɗan kasuwa ne, ka san abokin ciniki in ya koyi wata hanya ba lallai ya manta da ita ba.

Ta fuskar aiki da tsari kuwa, gaskiya Singafo ta yi gaba. Jirgin ƙasan cikin gari yana zuwa duk bayan 'yan mintuna, da katin banki kake taɓawa ka wuce, bas yana zuwa a lokacin da allo ya nuna. Da gangan suka sa mota tsada: takardar izinin mallakar mota ta shekara goma kaɗai tana haura dala 100,000, kafin a zo kuɗin motar. A nan Johor kuwa ƙaramin ma'aikaci yana hawa Perodua ko Proton ƙirar gida, amma in ba ka da abin hawa za ka sha jiran bas, sai dai ka kira Grab, kamfanin da ake kiran motar haya ta manhajarsa a waya. Shi kansa Grab ɗin a Malesiya aka kafa shi a 2012, da ya yi ƙarfi ya mayar da hedikwatarsa Singafo, abin da har yau yake yi wa mutanen nan ciwo. Akwai wani ɗan jirgin ƙasa da ke ƙetare gadar cikin minti biyar: daga Johor ringit 5, dawowa daga Woodlands, tashar ɓangaren Singafo, dala 5. Kujera ɗaya, tafiya ɗaya.

Wajen addini hankalina ya fi kwanciya a nan. Kiran salla yana shigo mini har ɗaki, kowane kanti da tashar mota da wurin salla, abinci kusan duk halal ne. A can sai ka nemi tambarin hukumar Musulunci a jikin shago kafin ka zauna, ko da yake Masallacin Sultan da ke Kampong Glam yana cika maƙil ranar Juma'a, kuma ba wanda ya taɓa yi mini kallon banza don na sa hula. Asibitin gwamnati a nan ɗan ƙasa ringit 1 yake biya ya ga likita, mu baƙi 40.

Saɓani dai bai ƙare ba. Sun yi jayayya a kan wani ɗan tsibirin dutse, Pedra Branca, suka kai Kotun Duniya, a 2008 ta ba Singafo shi ta ba Malesiya wasu duwatsu na kusa, kowa ya karɓa yana gunaguni. Sun shirya jirgin ƙasa mai gudu daga Kuala Lumpur zuwa Singafo, Malesiya ta janye a farkon 2021, ta biya diyyar sama da dala miliyan 100 na Singafo. Amma daga inda nake sayen kifi ina hango ginshiƙan sabon layin dogo a cikin teku, wanda ake sa ran buɗewa a ƙarshen 2026, zai riƙa kwashe mutum 10,000 a awa ta kowane ɓangare. A Janairun 2025 kuma firaministocin ƙasashen biyu, Anwar Ibrahim da Lawrence Wong, suka amince da yankin kasuwanci na musamman a Johor: Singafo ta kawo jari, Johor ta ba da fili da ma'aikata. Lokacin korona sun ɗanɗana rabuwa, iyaka a rufe daga Maris 2020 zuwa Afrilun 2022, shagunan Johor suka mutu, magidanta suka maƙale a can shekara biyu ba su ga iyali ba. Daren da aka buɗe, mutane da ƙafa suka ƙetaro, wasu suna kuka.

Duk lokacin da na ga bututun nan sai na tuna Agustan 2023, da aka yanke wa Nijar wuta aka rufe iyaka, motocin albasa da na dabbobi suka yi layi, 'yan uwanmu na Maraɗi suka kwana a duhu, kasuwarka ta tsaya cik. Har yanzu abin yana yi mini zafi. Waɗannan mutane ba su fi mu kusanci da juna ba, mu da muke harshe ɗaya, aure ɗaya, amma rigimarsu a takarda da kotu take ƙarewa, ruwa yana ci gaba da gudu.

Amsar tambayarka ke nan: kayan abinci, tufafi, gyale da dogayen riguna na mata, kayan gyaran mota, duk Malesiya za ka dosa, kuma Kuala Lumpur ta fi Johor sauƙi yanzu. Waya da kwamfuta bambancin bai taka kara ya karya ba, ga harajin kashi 9 cikin ɗari a Singafo, ga shi mai fasfo ɗin Najeriya sai ya nemi biza daban kafin ya shiga, ko da yana da takardar zama a nan. Gyalen da Hajiya ta ce na samo kala huɗu, ruwan toka ne kawai ban samu ba, zan sake dubawa ranar Asabar in sha Allahu, in ba wa wanda zai taho gida ƙarshen wata. Ka turo mini lambar takalmin yara. A gaida Hajiya da kyau, a ce ta ci gaba da sa mu a addu'a.

Ƙaninka, daga Skudai.