St Paul na Landan da Frauenkirche na Dresden: me ya sa ɗaya ya tsaya, ɗaya ya rufta?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa cocin St Paul na Landan ya tsira daga bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu, amma cocin Frauenkirche na Dresden a Jamus ya rushe, alhali dukansu na Furotesta ne masu kubba. Ko ginin Turawan Ingila ne ya fi ƙwari? A'a. In ma wuta ake tsoro, kubbar Landan ce ta fi zama abin fargaba.

Tun daga tushe manufarsu ta bambanta. St Paul na ɗarikar Anglikan ne, nan kujerar bishop ɗin Landan take. Gobarar 1666 ta cinye tsohon ginin, Christopher Wren ya fara sabo a 1675, aka kammala a 1710. Dogo ne mai siffar gicciye, ya dace da jerin gwano da manyan bukukuwan ƙasa. Can aka yi jana'izar Churchill, tsohon firaministan Birtaniya, a 1965. Frauenkirche kuwa na mabiya Martin Luther ne, jagoran Furotesta na Jamus, majalisar gari ta gina shi daga 1726 zuwa 1743, a zamanin da sarkin Saxony, ƙasar da Dresden ke cikinta, ya riga ya koma Katolika don samun sarautar Poland. George Bähr, shugaban kafintocin birnin, shi ya tsara shi. Da yake wa'azi ne kan gaba a sujadarsu, sai ya tara jama'a a zagaye, da benayen katako hawa-hawa a jikin bango, kowa na ganin mai wa'azi yana kuma jin sa.

A wajen kubba ne zancen ya fi daɗi. Wren dabara ya yi. Wadda ake hangowa daga waje katako ne aka lulluɓe da dalma. Wadda ake gani daga ciki wata ce daban, ta tubali. A tsakaninsu ya ɓoye wani ginin tubali kamar mazurarin da aka kife, shi ke ɗauke da ƙaramar hasumiyar dutse da ke can ƙololuwa, inda gicciyen ya kai mita 111. Bähr kuwa dutsen yashi ya jibga, kimanin tan 12,000, a kan ginshiƙai takwas marasa kauri. A 1760 sojojin Prussia, wata masarautar Jamusawa, suka yi wa kubbar luguden igwa, ko gezau ba ta yi ba. Sai dai ginshiƙan sun sha tsagewa saboda nauyi, aka yi ta gyara.

To, ranar 29 ga Disamba 1940 jiragen Jamus suka kai hari, unguwannin da ke kewaye da St Paul suka kama da wuta. Abin da ya cece shi 'yan sa-kai ne da ke kwana a kan rufi suna kashe bama-baman tayar da gobara kafin su ci katako, ga kuma sa'a. An same shi fa, domin wani bam ya ragargaza babban bagade a Oktoban shekarar, amma wuta ba ta samu gindin zama ba. A Dresden, daren 13 ga Fabrairu 1945 da jiragen Birtaniya suka kai hari, tsakiyar birnin ce gaba ɗaya ta zama tanderu, babu mai iya tsayawa kashe komai. Kubbar ta jure bama-baman. Wuta ce ta shiga ta tagogi, ta kama kujeru da benayen nan na katako, zafi ya yi ta ɓantare ginshiƙan da dama a gajiye suke. Da safiyar 15 ga wata ginin ya rufta.

Gwamnatin Jamus ta Gabas ta bar kufan a matsayin abin tunawa da yaƙi. Bayan haɗewar ƙasar aka fara sake gini a 1994, aka keɓe shi don sujada ranar 30 ga Oktoba 2005, mafi yawan kuɗin daga gudummawar jama'a. Baƙaƙen duwatsun da ake gani sun yi ɗigo-ɗigo a bango na asali ne, an tsamo su daga ɓaraguzai. Sabon gicciyen saman kuwa daga Birtaniya ya zo, maƙerinsa Alan Smith ɗan wani matuƙin jirgi ne da ya shiga harin. Akwai waɗanda suka so a bar kufan yadda yake, don kada sabon gini ya shafe tunanin abin da ya faru. Ni dai ina bayan masu ginawa, tunda ba su ɓoye tabon ba.