Savane na Ali Farka Touré: baƙin da suka san mai gida

A Kasuwar Dole ta Damagaram aka zuba mini faifan Savane a waya, kuma yanzu shi muke sawa a fadarmu ta Birni idan an ɗora shayi bayan isha'i. Ba sabo ba ne. Ya fito a watan Yuli na 2006, mai shi kuwa, Ali Farka Touré, mawaƙi kuma makaɗin gita ɗan ƙasar Mali, ya rasu tun watan Maris na shekarar, Allah ya jiƙansa.

Bayan faifansa na 1999, dattijon ya ja da baya ya koma noma a garinsu Niafunké ta ƙasar Mali, har aka zaɓe shi magajin gari a 2004. Da ya dawo harkar kiɗa, sai ya tara makaɗa a otel ɗin Mandé na Bamako. Tsorona da irin wannan aiki kullum ɗaya ne: baƙi su cika wuri, su danne muryar tsoho. A nan ba a yi haka ba.

Bassekou Kouyaté da Mama Sissoko su ne suka riƙe faifan da ngoni, wato ɗan'uwan molonmu. Ba sa rige-rige da gitar Ali. Shi zai aza magana, su amsa masa daga ƙasa, kamar ƴan amshin da suka daɗe da ubangidansu. Ga goge, ga ƙwarya. Duk Badamagaren da ya tashi da kiɗan gargajiya zai ji bai yi nisa da gida ba, abokinmu Bazabarme ma yana tsintar kalmomi cikin waƙoƙin Songhai yana fassara mana. Muryar ta yi kauri, ta yi nauyin shekaru, wallahi ta fi shiga raina a kan ta ƙuruciyarsa.

Inda ban gamsu ba shi ne busar ƙahon saxophone ta Pee Wee Ellis, Ba'amurken da ya yi aiki da mawaƙi James Brown. Gwani ne, babu musu, amma da an cire ta, ni ban ga abin da zai ragu ba.

Mai son kiɗan rawar biki kada ya nufo nan, waƙoƙin a hankali suke tafiya. Kuma a haɗa da sifika mai kyau, don bakin waya yana cinye dukan ƙwaryar gaba ɗaya.