Interland: Wasan Kwamfuta Mai Koya wa Yara Tsare Kansu a Intanet

A shekarar 2017 ne kamfanin Google ya fito da shirin Be Internet Awesome, tare da haɗin gwiwar ƙungiyoyin kare yara irin su ConnectSafely da iKeepSafe da Family Online Safety Institute, kuma wasan Interland shi ne ɓangaren shirin da aka yi domin yara su taɓa da hannunsu. Kyauta ne, ba a sauke shi a kan na'ura, ba a kuma buƙatar buɗe asusu kafin a fara, iyaka a buɗe shafinsa a kwamfuta. An tsara shi ne domin yaran firamare, 'yan shekara 7 zuwa 12, kuma ban da Turanci an fitar da shi a wasu harsuna, ciki har da Larabci da Sifaniyanci. Na yi makonni ina zama tare da 'yata mai shekara takwas yayin da take buga shi, ƙanenta mai shekara biyar yana leƙe ta kafaɗarta, kuma a kan abin da idona ya gani zan yi wannan sharhi.

An raba wasan gida huɗu, kowanne tsibiri ne da ke shawagi a sararin sama da darasinsa. Wanda ya fi burge ni nesa ba kusa ba shi ne Mindful Mountain, dutsen da ake koyon yin hattara da abin da mutum ke yaɗawa. A nan ana ba yaro saƙo, a ce masa na 'yan gida ne kaɗai ko na abokai kaɗai, sai ya harba shi a matsayin haske, hasken kuwa yana dukan madubai yana karkata, ta yadda idan bai lissafa hanyarsa da kyau ba, saƙon zai faɗa hannun wanda ba a nufa ba. A karon farko 'yata ta harba ba tare da ta duba ba, hasken ya bugi madubi biyu ya sauka a kan wani baƙo, ta juyo ta ce mini, "Baba, ai ba shi na nufa ba!" Ban ƙara mata ko kalma ɗaya ba, domin darasin ke nan gaba ɗaya: abin da ya bar hannunka yana iya zuwa inda ba ka aike shi ba. Bayan kwana kaɗan, da na ce ta tura wa kawunta wani hoto, sai da ta tambaye ni wa da wa za su gani kafin ta danna. Hikimar wannan sashe ita ce, ba a faɗa wa yaro dokar da baki ba, an sa yatsunsa ne suka yi kuskuren kuma suka gyara shi.

Reality River, kogin da ake rarrabe gaskiya da ƙarya, bai kai wannan ba. Yaro yana tsallake kogi ne ta hanyar amsa tambayoyi kan saƙonnin damfara da shafukan bogi, idan ya zaɓi amsar da ba daidai ba ya faɗa ruwa. Tambayoyin suna da ma'ana, musamman waɗanda suka shafi saƙon da ke cewa ka ci wata kyauta ko wanda ke neman kalmar sirrinka cikin gaggawa, amma a gaskiya jarrabawa ce aka yi wa kwalliya, kuma yaro mai wayo yana iya haddace amsoshin ya haye ba tare da ya fahimci dalili ba. A nan dole ne babba ya riƙa tsayar da shi yana tambayarsa, "Me ya sa ka zaɓi wannan?"

A Kind Kingdom yaro yana tsalle-tsalle yana raba alamomin alheri ga waɗanda aka ɓata wa rai, yana kuma toshe masu cin zali tare da kai rahotonsu. Yana da daɗin bugawa, darasinsa kuma a fili yake.

Tower of Treasure kuwa wasan gudu ne, inda ake tattara wasiƙu da bayanan sirri kafin mai kutse ya wawushe su, sannan a haɗa kalmar sirri mai ƙarfi da manya da ƙananan baƙaƙe da lambobi da alamomi. Wannan ya fi barin yaro yana amfani da sunansa ko ranar haihuwarsa, babu shakka. Sai dai yana da kyau iyaye su sani cewa a wannan shekarar ta 2017 hukumar NIST ta Amurka, mai tsara ƙa'idojin fasaha, ta fitar da shawarar da ta fifita tsawon kalmar sirri a kan tilasta gauraya alamomi, saboda haka ni na ƙara wa 'yata da cewa jimla doguwa da ita kaɗai za ta iya tunawa ta fi gajeriyar kalma mai ƙyale-ƙyale.

Akwai abin da wasan ya yi shiru a kansa, kuma a ganina ba ƙaramin giɓi ba ne. Duk miyagun da ke cikinsa ɗaiɗaikun mutane ne, wato ɗan damfara da mai kutse da mai cin zali, amma ba a nuna wa yaro yadda manhajoji da shafuka da kansu ke tattara bayanan masu amfani da su domin talla ba. Wannan kuwa shi ne abin da yaro zai fi cin karo da shi kullum.

Shirin yana da ginshiƙai biyar, tsibiran kuma huɗu ne. Na biyar, wato yaro ya yi ƙarfin halin gaya wa babban da ya amince da shi duk abin da ya tayar masa da hankali, ba shi da tsibiri nasa. An bar shi ne a cikin littafin jagorar malamai da takardar alkawarin iyali da ake saukewa daga shafin. Da farko na ɗauka sakaci ne, daga baya na ga cewa darasi ne da babu madubi ko kogin da zai koyar da shi, sai yaro ya tabbata cewa idan ya kawo ƙara ba za a ƙwace masa na'ura a hau shi da faɗa ba.

Ga yaron da bai iya karatu ba tukuna, wasan ya yi masa girma, domin tambayoyin a rubuce suke. Ɗana mai shekara biyar yana son Kind Kingdom ƙwarai, amma da na tambaye shi abin da ya koya, sai ya ce ya koyi tsalle sau biyu ba tare da ya faɗi ba.