Wasiƙa daga Frankfurt: abin da ke sa shagon intanet ya buɗe da sauri

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, tare da fatan kana lafiya kai da Hajiya da yara da sauran mutanen gida, na rubuto ne a kan maganar da muka fara ta waya ba mu ƙarasa ba, wato kukan da ka yi cewa shafin da aka buɗe wa shagonka na Kantin Kwari yana samun masu leƙowa da yawa amma masu saye ƙalilan ne. Na yi maka alkawarin zan duba, na kuwa duba, kuma abin da na tarar ya zo daidai da abin da na koya a shekarun da na yi a nan Jamus ina aiki da wani kamfani mai sayar da kayan kicin ta intanet.

Lokacin da na zo ƙasar nan, ba kayan ne suka ba ni mamaki ba, domin yawancin tukwane da cokula da muke sayarwa daga Sin ake kawo su, irinsu kuma ba a rasa su a kasuwar Sabon Gari. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda ake hidima da mai saye. Mutum zai latsa hoton kaya, kafin ya ɗauke yatsa shafin ya buɗe, bayan kwana biyu ko uku kaya su iso ƙofar gida, kuma doka ta ba shi kwana 14 ya mayar da su in ya sauya ra'ayi, ba sai ya faɗi dalili ba. Da fari na ɗauka ƙarfin sabis ɗinsu ne kawai, sai daga baya na ga cewa a cikin jirgin ƙasa da wasu ƙauyukan Jamus sabis yakan yi rauni ƙwarai, amma duk da haka manyan shagunan suna buɗewa. Ashe sirrin yana wajen kusanto da kaya ga mai saye tun kafin ya nema.

Kowane shafin intanet yana zaune ne a cikin wata kwamfuta da ake kira saba, wadda ke ajiye a wani gini a wani gari. Idan wata mata a Gwammaja ta latsa adireshin shagonka, saƙonta sai ya yi tafiya har inda sabar take, sannan amsa ta dawo. Saƙon yana tafiya ne a matsayin haske a cikin wayar faiba, hasken kuwa yana gudun kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa ɗaya, kuma babu kuɗin da zai ƙara masa sauri. Wayar MainOne da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku daga Fotugal zuwa Legas, wadda ta fara aiki a 2010, tsawonta kusan kilomita 7,000 ne, saboda haka zuwa da dawowa a kanta kaɗai na cin kusan kashi 7 cikin 100 na daƙiƙa. Za ka ce wannan ba kome ba ne, amma shafi ba ya buɗewa da tafiya ɗaya. Sai wayar hannun mai saye ta yi wa sabar sallama an amsa, an yi yarjejeniyar tsaro, an turo rubutu, sannan a shiga neman hotuna, kowanne da nasa zuwa da dawowa. Sabar shagonka kuwa na gano a jihar Texas ta Amurka take, wato saƙon matar nan sai ya sauka Legas, ya haye Turai, ya tsallaka tekun Atlantika, sannan ya juyo.

Maganin da aka samo shi ne abin da ake kira CDN, wato jerin rumbunan ajiya da aka baza a biranen duniya, kowanne riƙe da kwafin hotuna da bidiyo da sauran kayan shafin da ba sa sauyawa kullum. Kai ka fi ni sanin wannan dabarar, domin ba ka jiran sai mai saye ya shigo sannan ka aika Guangzhou a ɗauko masa turmi ɗaya. Kana da sito a bayan kasuwa, yaron shago ya ruga ya dawo kafin baƙo ya gama shan ruwa. Haka abin yake a nan: mutum na farko da ya nemi wani hoto daga wani yanki shi ne ke jiran a ɗauko daga asalin sabar, rumbun da ke kusa da shi ya ajiye kwafi, duk wanda ya biyo baya a ba shi nan take. Kamfanin Akamai na cikin waɗanda suka fara wannan sana'a a 1998, wanda Farfesa Tom Leighton na jami'ar MIT da ɗalibinsa Danny Lewin suka kafa. Amazon ya fito da nasa mai suna CloudFront a 2008, Cloudflare kuma ya fara aiki a 2010, kuma a yau yana da rumbuna a birane fiye da 300, har da Legas. Garin da nake zaune ya zama cibiyar wannan harka saboda mahaɗar intanet ta DE-CIX da aka kafa a 1995, inda ɗaruruwan kamfanonin sadarwa ke haɗa wayoyinsu wuri guda, shi ya sa abin da mazaunin Frankfurt ya nema sau da yawa ba ya ma barin gari.

Dangantakar sauri da ciniki abu ne da aka auna. Wani tsohon ma'aikacin Amazon, Greg Linden, ya bayyana a 2006 cewa gwajin da suka yi ya nuna jinkirin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa yana rage ciniki da kashi 1 cikin 100. A 2016 kuma Google ya fitar da binciken da ya nuna kashi 53 cikin 100 na masu shiga ta wayar hannu suna barin shafin da ya wuce daƙiƙa 3 bai buɗe ba. Abin da ya fi damuna a nan shi ne wanda ya tafi ba ya yin ƙorafi. A kasuwa idan mutum ya juya kana ganinsa, kana iya kiransa ka rage masa wani abu, amma a intanet ba ka ma san ya zo ba, balle ka san abin da ya kore shi. A wurin aikinmu, ranar rangwamen Black Friday a watan Nuwamba, jama'a kan yi dafifi a lokaci guda, kuma rumbunan nan ne ke ɗauke yawancin nauyin, su bar wa sabarmu lissafin kuɗi da adadin kaya kawai. Su ne kuma ke tare miyagun da ke turo buƙatun ƙarya masu yawan gaske don su durƙusar da shafi.

A shagonka kuwa ba nisa ne kaɗai matsalar ba. Hotunan shadda da leshi an ɗora su ne yadda suka fito daga waya, kowanne kusan megabait 4, kuma guda goma sha biyu ne a shafin farko. Na sa ɗanka ya gwada daga gida, ya ƙirga fiye da daƙiƙa 20 kafin hotunan su cika. Ka tuna mai sayenka na Maraɗi ko na zangon Kumasi da kuɗinsa yake sayen data, kuma kana cinye masa kusan megabait 50 tun bai ga farashi ba. Yawancin kamfanonin CDN suna iya matse hoto su rage nauyinsa ƙwarai ba tare da launin yadin ya ɓaci a idon mai kallo ba, su kuma aika ƙaramin hoto ga ƙaramar waya.

Ba zan ɓoye maka ba, amfanin da za ka samu ba zai kai wanda muke samu a nan ba. Najeriya tana da mahaɗarta ta IXPN tun 2006, kuma wayar ƙarƙashin teku ta Google mai suna Equiano ta sauka Legas a 2022, amma yawancin rumbunan suna can kudu, tsakanin Legas da Kano kuwa akwai tafiyar kusan kilomita 1,000, a kan wayoyin da masu aikin titi ke yawan yankewa. Duk da haka Legas ta fi Texas kusa nesa ba kusa ba. Kuma ka tuna ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Kodebuwa, intanet ya rikice a Afirka ta Yamma, bankuna suka shiga matsala. A irin wannan ranar, abin da ke da kwafi a cikin ƙasa ya fi sauƙin samuwa a kan wanda sai an tsallaka teku.

Tsarin yana da nasa haɗarin. Idan ka sauya hoto ko farashi ba a share tsohon kwafin ba, mai saye zai ga tsohon kuɗi, kai kuma ka san rigimar da hakan ke jawowa, saboda haka farashi da yawan kayan da suka rage dole su riƙa fitowa daga asalin sabar. Sannan idan kamfanin rumbunan ya samu tangarɗa, kowa ya shiga uku tare, kamar yadda ya faru ranar 8 ga Yuni 2021, lokacin da matsalar wani kamfanin CDN mai suna Fastly ta rufe shafukan BBC da The Guardian da na gwamnatin Birtaniya kusan sa'a guda. Haka kuma sauri ba ya sayo amana. Bajamushe yakan karɓi kaya ya duba sannan ya biya daga baya, alhali mai sayenka sai ya tura kuɗi tukuna, ya aiko da rasit ta WhatsApp, ya jira direba a tasha. Wannan ɓangaren sunanka ne a Kwari ke ɗauke da shi, amma sai shafin ya buɗe sannan baƙo zai kai ga ganin sunan.

Shawarata ita ce ka dakatar da kuɗin tallan da kake shirin biya a Facebook har a gyara wannan, domin turo jama'a ƙofar da ba ta buɗuwa asara ce. Cloudflare yana da tsari na kyauta wanda zai ishe ka a yanzu. Ka sa yaron da ya gina shafin ya kira ni ranar Asabar bayan Azahar, da bayanan shiga asusun da aka yi rajistar sunan shagon a hannunsa. Za mu auna saurin da manhajar PageSpeed Insights kafin gyara da bayansa, mu kuma matse hotunan, don a gama kafin mutane su fara yankan kayan Sallah. A gaishe mini da Inna, a faɗa mata ina nan tafe bayan damina in Allah ya yarda.

Ƙaninka.