Faci ko shafe bangon gaba ɗaya kafin a manna wolfefa?

Gaskiya wolfefa, wato takardar ado da ake manna wa bango, ba ta rufa wa bango asiri, musamman mai ƙyalli ko mara kauri, duk wani rami ko tudu sai ya fito ɓaro-ɓaro.

In matsalar ramukan ƙusa ne da 'yar tsagewa nan da can, faci ya isa. Ka kankare wurin, ka share ƙurar, ka cusa fila, wato kwaɓin cike ramin bango, in ramin da zurfi kar ka cika shi tashi ɗaya don yana shanyewa in ya bushe, sai ka yi hawa biyu, sannan ka bi da sanfefa. Da kanka ma za ka iya.

Amma in fenti na ɓarewa ko'ina, ko ka ƙwanƙwasa ka ji filasta na ƙara kamar ba komai a ciki, to faci wahalar banza ce wallahi, sai an fasa wurin da ya saki an gyara sannan a shafe bangon duka, kaurin milimita 2 zuwa 3, kuma wannan aikin mai hannu ne, ga ƙura ga jiran bushewa. Ni dai shafe bangon duka na fi so in facin ya yi yawa. Ka kashe wuta ka jingina tocila da bangon ta haska gefe, inuwa za ta nuna maka yawan ramuka da tudun da ke jikinsa.

Danshi kuwa a fara toshe inda ruwan ke shigowa, in ba haka ba gam ba zai riƙe ba. Kuma kowanne ka zaɓa a shafa firaima, wato fentin share fage, tukuna kafin a manna wolfefar.