Keke mai naɗewa ko babban keke a titunan Maradi

Malam, barka da warhaka. Ka tambaye ni wanne za ka saya, keke mai naɗewa ko babban keke. Tunda ka ce daga unguwar Zariya kake fitowa kullum zuwa wurin aikinka kusa da babbar kasuwa, ɗakin haya guda gare ka, kuma ƙarshen mako kana zuwa gida Madarunfa, ni shawarata ita ce ka sayi keke mai naɗewa, amma mai taya inci 20, kuma mai jikin ƙarfe. Kada ka kusanci mai taya inci 16 ko da an ba ka shi a rabin kuɗi.

Irin wannan keken nake hawa, na hannu ne daga cikin waɗanda ake kawowa daga Japan, kuma abin da ya sa na riƙe shi shi ne bai taɓa kwana a waje ba. Duk mai babban keke a gidan haya ya san zullumin barin sa a zaure ko a tsakar gidan da mutum goma ke shiga da fita, da ɗawainiyar sarƙa da kwaɗo a ƙofar ofis. Nawa kuwa ina naɗe shi in tura ƙarƙashin tebur, da dare ya kwanta a bayan ƙofar ɗaki. Akwai wata ranar Agusta da na taso daga Tibiri da la'asar, hadari ya haɗu ta gabas, kafin in yi rabin hanya ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Na tsayar da wani mai adaidaita, ya dubi keken ya girgiza kai, ya ce ba shi da wurin ɗaure shi. A gabansa na sauke sirdi, na karya kan keken, na ninke jikinsa biyu, na ɗora a gaban ƙafafuna na zauna. Har muka shigo gari yana tambayata inda ake sayar da irinsa, kuma bai karɓi kuɗin kaya ba. Haka zai yi maka amfani a tafiyar Madarunfa: ka sa shi a but ɗin mota, idan ka sauka a tasha ka buɗe abinka ka hau, ba sai ka nemi ɗan kabu-kabu ba.

Babban keke irin su Phoenix na ƙasar Sin, mai taya inci 28, ba zan hana shi haƙƙinsa ba: yana ɗaukar buhun gero, yana ratsa rairayi, kuma kowane mai gyara a garin nan ya san cikinsa da wajensa. Sai dai nauyinsa ya kusan ninka na mai naɗewa, kuma kai ba buhu za ka ɗauka ba, jakar takardu ce.

Maganar taya ita ce ta fi buƙatar bayani, domin a nan ne mutane suke asarar kuɗinsu. Waɗanda suka ƙirƙiro waɗannan kekuna ba su yi su don ƙasarmu ba. Andrew Ritchie ya zana keke mai naɗewa na Brompton a Landan a 1975, David Hon kuma ya kafa kamfanin Dahon a Amurka a 1982, kuma dukansu mutumin da suke tunani shi ne mai shiga jirgin ƙasa ko mota da safe, ya sauka ya ƙarasa ofis a kan titi mai santsi. Mu ba mu da jirgin, muna da rairayi. Ƙaramar taya tana nutsewa a inda babba za ta wuce, tana faɗawa ramin da babba za ta tsallake, kuma duk girgizar hanya a hannunka da ƙugunka take ƙarewa. Mai inci 20, idan an sa masa taya mai faɗi aka ɗan rage iska, yana jure ɗan guntun rairayin da ke tsakanin ƙofar gida da bakin kwalta. Mai inci 16 kuwa sai dai ka sauka ka tura.

Ga kuma batun samun kayan gyara. Yawancin masu inci 20 girman tayarsu ɗaya ne da na kekunan yara manya, wanda za ka ga an rubuta 406 a gefen tayar, saboda haka taya da shambur ɗinsu ba sa wuyar samu a kasuwa. Akwai wani inci 20 ɗin da ake rubuta wa 451, wannan ba ya shiga na farko, ka duba lambar kafin ka biya. Inci 16 na Brompton lambarsa 349, alhali inci 16 na keken yara 305 ne, wato ranar da ƙaya ta yaga maka taya a hanyar Madarunfa, mai faci zai yi iya ƙoƙarinsa, amma sabuwar taya sai ka yi aike Kano ko Yamai, kuma mun ga yadda kaya suka yi wuya lokacin da aka rufe iyaka a 2019 da kuma 2023.

Ba ka tambaye ni wannan ba, amma ka yi hattara da wasu masu sayarwa. Ran keke mai naɗewa yana a gaɓar da yake ninkewa, kuma nan ne ake ɓoye aibi. Wasu sukan samo wanda ya tsage a wurin, su kai wa mai walda ya liƙe, su shafe da fenti su manna sabuwar takardar suna a kai, sai ka ga an rubuta Dahon a jikin keken da bai taɓa ganin masana'antarsu ba. Ka buɗe shi, ka kulle gaɓar, ka danne birkin gaba ka girgiza shi gaba da baya. In ka ji yana motsi ko yana ƙara a tsakiya, ka bar musu kayansu komai rantsuwar da aka yi maka. Ka tafi da ɗan maganaɗisu a aljihu: idan ya kama jikin keken, ƙarfe ne, kuma ƙarfe ko ya tsage masu walda na gari suna iya masa, idan bai kama ba, alminiyom ne, wanda ya fi sauƙin ɗauka amma waldarsa sai injin da ba kowa ke da shi ba. Wasu kuma keken yara suke sa wa dogon sirdi su ce na manya ne. Na gaskiya an yi shi ne ya ɗauki mutum mai nauyin kilo 100 zuwa 110, kuma sandar sirdinsa tana da alamar da ba a ɗaga ta sama da ita. In an nuna maka mai batir a farashi mai daɗi, ka ɗauka batirin ya mutu har sai ka hau shi ka zagaya da kanka.

Abin da zai fi ba ka wahala bayan ka saya shi ne hanyar kanta, kuma wannan ya shafi mai babban keke da mai ƙarami baki ɗaya. Maradi gari ne da ya dace da keke fiye da yadda ake zato. Bayan ambaliyar Gulbi ta 1945 da ta sa aka hau da gari kan tudu, an shata tituna miƙaƙƙu masu faɗi, kuma ayyukan Maradi Kwalliya na 2015 sun ƙara wa garin kwalta. Amma gefen titi, wanda shi ne rabon mai keke, shi ne inda iska da ruwa suke tara yashi, nan masu teburi suke kafa sana'a, nan manyan motocin da ke bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya suke tsayawa. Dole mai keke ya kutsa tsakiya, tsakanin 'yan kabu-kabu da adaidaita, waɗanda ba su ɗauke shi abokin hanya ba. A Wagadugu an ware wa masu ƙafa biyu layinsu a gefen manyan tituna, kuma faɗin da muke da shi ya isa a yi haka. Ko kafin a kai nan, da ma'aikatar magajin gari za ta riƙa kwashe yashin gefen kwalta bayan kowace damina, ta hana ajiye manyan motoci a kan hanyoyin da ke shiga kasuwa, ta gyara fitilun da suka mutu, da ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ma'aikata da yawa sun koma keke, musamman tun da cire tallafin mai a Najeriya a 2023 ya sa man kwalba na bakin hanya ya daina araha.

Kafin a yi waɗannan gyare-gyaren, ka sa fitila ja a baya da ƙararrawa mai ƙarfi, domin ƙaramin keke ba ya cika idon direba da magariba. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ka fita da sassafe ka bar riga ta biyu a ofis. Lokacin hunturu kuma ka riƙa goge sarƙa da gaɓar ninkewa duk mako, ka sa mai kaɗan kawai, saboda mai da yawa ƙura yake kamawa ya zama kamar turɓaya mai cin ƙarfe. Ranar da za ka je saye ka tafi da mai gyaran keken unguwarku, ka ba shi ɗan na goro, shi ya duba gaɓar da lambar taya kafin a fara ciniki.